Haƙoran Ajimi a Kan Zaren Haske

Marigayi Ajimi, Allah ya jiƙansa, mutumin unguwar Fezzan ne. Tun yana saurayi yake ɗinkin hula, kuma an san hannunsa. Da ido ya fara gajiya sai ya samu aikin wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, shi da wani Jonathan, ɗan kudancin Borno. Kullum Jonathan ke goya shi a keke zuwa aiki.

Wajejen shekarar casa'in wani Dakta ya dawo daga Turai da zaren roba, garau kamar ruwa. In aka haska fitila a baki ɗaya, haske ya bi cikinsa ya fito ɗaya bakin, ko an lanƙwasa shi. Dakta na neman irin robar da za ta ɗauki haske, a buɗe masa hanya a rufe yadda ake so. Ya ce zai ɗauki mutum ɗaya ya riƙa yanka masa zaren, da ƙarin girma. Da Jonathan ya fara gwaji.

Abin ya tsaya wa Ajimi a rai. Ya daina hawa keken. A gida ba shi da wani zance.

"Kaltum, zare fa! Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai iya sawa ba?"

"Malam, ci abincinka," in ji matarsa. "Hasken nan ba ta cikinka zai bi ba."

Wata safiya ya riga kowa zuwa. Ya auna zarurrukan, ya jera su gwanin kyau, don Dakta ya ga gwani. Ga reza a gefe, amma baki ya yi abin da ya saba: ya datse kowanne da haƙori, har yana lasar bakin kamar zai zura a allura.

Dakta ya kunna fitila. Haske ya ƙi fitowa, sai dishi-dishi, don sai bakin zaren ya yi sumul yake shiga. Ya duba da kyau.

"Ɓera ya shigo mana ne?"

Jonathan ya kalli zaren, ya kalli Ajimi.

"Ɓera ne, ranka ya daɗe. Babba. Bari in sake yankawa."

Jonathan aka ba aikin. Ajimi ya koma hawa keken, amma rufin asirin nan ya fi rashin aikin ci masa rai. Har ya rasu, in aka yabi Jonathan a gabansa sai ya taɓe baki ya ce, "Eh, ya iya reza. A ba shi allura mana mu gani."