Kobonka Yana Kan Rufi, Silvanus

Ranar Talata, shida ga watan Mayu, 1975, Ubangiji ya kira Malam Silvanus Yakubu, tsohon mai yankan tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ina Jos labari ya same ni, kafin in iso har an binne shi.

Silvanus, da baƙin ciki nake wannan rubutu, da haushi kuma, ba zan ɓoye ba.

Matan Fadan Kagoma masu sayar da citta ba za su manta da kai ba. In suka yi shakkar sule, tagarka suke kawowa, ka buga shi a kan katako, ka saurara, ka ce wannan na gaske ne, wannan jabu. Ba ka taɓa korar kowa ba, ko da layi ya kai bakin ƙofa.

A tagar nan ka fara tara tsofaffin kobo masu huji waɗanda aka yi kuskure wajen buga su: wani hujinsa ya karkace, wani an ci bakinsa. Amma guda ɗaya ne abin alfaharinka, na 1952, wanda ka ce lambobin shekararsa sun fito biyu-biyu. Ka sha yi mini bayani cewa kobon da ya sha wuya a hannun mutane rubutunsa kwanciya yake yi, wanda kuwa ya ninku tun daga inji kowace lamba a tsaye take da 'yar'uwarta, da siririyar tsaga a tsakani. Duk gari suka ce idonka ne ya tsufa yake gani biyu-biyu. Ni, malamin makaranta kuma amininka, na fi kowa dariya. Shekara uku kana roƙona in sayo maka gilashin ƙara girman rubutu, ina cewa sai wani zuwan da zan yi Jos. A wannan zuwan na sayo.

Da na je gaisuwa, na tambayi matarka, Mama Afiniki, gwangwanin da kake tara kobon a ciki.

Ta ce, "Malam, iska ya kwashe kwanon rufi kafin jana'iza, baƙi kuma suna zuwa. Ƙaninsa Andrawus ya ce tun da an canja kuɗi ba wanda yana karɓansu. Ya sa su a gindin ƙusa, don kada ruwa ya bi."

Na rasa wanda zan yi wa faɗa. Matar da ruwa ke zuba mata a gado? Andrawus, da ya ji mu muna cewa shirme ne? Tarin shekara ashirin ya ƙare a yini ɗaya, kuma da bakinmu muka karya darajarsa.

Na ari tsani na hau, ƙusa bayan ƙusa nake bi da gilashin, maƙwabta na kallona kamar na taɓu. A layi na uku, saitin ɗakinka, na same shi. Guduma ta lotsa gefe ɗaya, amma shekarar tana nan. Kowace lamba da 'yar'uwarta a tsaye, ga tsagar a tsakani.

Ba idonka ba ne, Silvanus. Namu ne.

Ban cire shi ba, domin yana tare wa Afiniki ruwa, na kuma san haka za ka zaɓa.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa har ranar tashin matattu. Ya ta'azantar da Mama Afiniki da Andrawus da dukan dangi. Ni kuma ya gafarta mini dariyar da na yi.

Wilfred Nuru, Kafanchan