Ranar da Baba Ya Shiga Jif ɗin Ƙanena

Baba katako yake sayarwa a Dei-Dei, kuma motarsa ta girme ni. Fara ce mai dogon baya, giyarta a jikin sitiyari. Ƙofar direba ba ta buɗuwa daga waje, sai ya zura hannu ta taga. Kowa a kasuwar ya san kukanta tun kafin ta ɓullo.

Da ƙanena ya sayi baƙar jif sabuwa fil, sai ya dage shi zai kai Baba Sheda, gun wani tsohon abokinsa manomi da ke ba mu doya duk kaka. Na bi su, na zauna a baya.

Baba ya shiga da bismilla, ya ce, "To, tayar da ita mana."

"Ai ta tashi, Baba."

Ya kasa kunne. "Ban ji komai ba. Ka tabbata?"

Muna fita motar ta fara ƙara, sai da ya ɗaura bel ta yi shiru. Ya ce tasa ba ta taɓa yi masa rashin kunya irin wannan ba. Ƙanena ya danna wani abu, kujerar Baba ta soma matsa masa baya. Baba ya zabura, ya waiwayo yana hararata, a zatonsa ni ce.

A bakin kasuwar shanu ya yi ta ɗaga wa mutane hannu, ba wanda ya amsa. Gilashin baƙi ne, ba sa ganinsa. Wannan kam ya ɓata masa rai.

A Sheda abokin nasa ya fito da sauri, ya cire hula, ya rusuna. "Sannu da zuwa, oga." Da ya ga Baba ne ke saukowa, dariya ta sa sai da ya dafa bishiya. "Alhaji, ina tsohuwar motarka? Ta mutu ne?"

"Lafiyarta lau. Hutu na ba ta."

Bayan doya, har akuya abokin ya ba mu. Ƙanena ya dubi farar fatar kujerunsa, ya dubi akuyar. Tabarma biyu muka aro aka shimfiɗa mata a but, can bayan motar.

A hanyar dawowa, tun kafin Gwagwalada barci ya kwashe Baba. Ban taɓa ganinsa yana barci a mota ba, kullum shi ke tuƙi. Ƙanena ya rage gudu, muka yi ta tafiya shiru, sai akuya ke magana.

A gida Mama ta tambaye shi ya motar. Ya taɓe baki, ya ce ba laifi, amma ta ragwaye ce. Da ƙanena zai tafi kuwa, Baba ya raka shi har bakin get, ya yi ƙasa da murya.

"Ranar Juma'a ka zo ka ɗauki uwarku. Ka kunna mata kujerar nan, bayanta na damunta."