Shingen da Kawu Ya Ƙera

Har yau idan na tattare wando zan yi alwala a masallacin unguwa, sai wani ya dubi tabon ƙwaurina ya ce, "Alhaji, a yaƙi aka yi maka wannan?" Sai in ce a'a, ban je yaƙi ba, kawuna ne ya yi mini da katakon maɗaci.

Da ƙuruciyata gudu ne sana'ata. Tseren tsallake shinge nake yi, yadi ɗari da ashirin, shinge goma a jere, kuma ina taɓa dogon tsalle. Wani kamfanin sayen fatu ya ɗauke ni akawu, amma kowa ya san ba alƙalamina suka gani ba, ƙafafuna suke so su riƙa ciyo musu kofi. Mu kuwa 'yan Ƙofar Mazugal ne, asalinmu Barno, gidan malamai da masu sana'ar hannu, babu wanda ya gane kan wannan aiki. Mahaifiyata takan ce, "Ƙato da kai, babu mai korar ka, kana ta sheƙa gudu da gajeren wando. Allah ya shirye ka."

Wanda ya koya mini abin wani malamin wasanni ne mutumin Gabas, a Sabon Gari yake zaune, Hausa a bakinsa tar. Karatunsa ɗaya ne kullum: "Taku uku, tsallake. Kada ka tashi sama, kai ba tsuntsu ba ne. Shafar shingen za ka yi ka wuce." Yakan ɗora kwalin ashana a kan shinge ya ce in kaɗe kwalin da ƙafa ba tare da na taɓa katakon ba. Ba na jin tsoro, domin shingen gasa an yi shi ne yadda da ka buge shi zai kife gaba, kai kuma ka wuce abinka. Burina guda ne a duniya: in zo na ɗaya ko na biyu a gasar zaɓe, a kai ni Ikko in yi tsere da zakarun ƙasa. Malamina ya ce saura kaɗan.

Sai rikici ya faɗo wa garin, aka far wa mutanen Gabas. Abin da idona ya gani ba na son tuna shi. Malamina dai Allah ya kuɓutar da shi, na raka shi tashar jirgin ƙasa da iyalinsa. Ya riƙe hannuna ta taga ya ce, "Kada ka bari taku ukun nan ya ɓace maka. Ƙafa tana mantuwa." Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke, filinmu ya koma wurin horar da kuratan soja, aka kulle shingayen a sito. Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, kuma mai tsallake shinge ba ya daɗewa a fili. In na zauna jiran a gama yaƙi, shi ke nan, Ikko sai dai in ji a rediyo.

Na tafi wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, kafinta ne mai ƙera ƙofofi da akwatunan aure. Gajere ne, ga saurin fushi kamar ni. Na zana masa shinge a ƙasa, na faɗa masa tsayin, ƙafa uku da inci shida. Ya ce wannan ai wasan yara ne. Na ce, "Amma Kawu, a yi shi marar nauyi, yadda in na buge shi zai faɗi."

Ya ajiye zarto ya dube ni. "Ya faɗi? Kai, ɗan nan, ka san da wa kake magana? Shekara talatin ina wannan sana'a, ba a taɓa dawo mini da abu an ce ya faɗi ba. Yanzu ka zo in yi wanda zai faɗi da gangan, a bainar jama'a, a ce aikin wa, a ce nawa?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce to, to, ya ji. Bayan sati biyu na koma, wallahi sai da na dafa bango. Shinge biyar ya yi da maɗaci, kowanne da ƙafa gaba da baya, ga tokare ta ciki. Sai mutum biyu suke ɗaga ɗaya. Ya shafe su da mai suna ta ƙyalli, kuma ya ce ko kwabo ba zai karɓa ba. Dole na karɓa da godiya. A amalanke muka kai su wani fili a gindin badala wajen Ƙofar Ruwa.

Ranar farko na taho a guje, taku uku, na shafi shingen yadda aka koya mini. Ƙwas! Sai ga ni a ƙasa ina ganin taurari da rana tsaka. Kawu ya rugo da gudu, na ɗauka ni zai ɗaga, ashe shingen ya nufa. Ya girgiza shi, ya juyo yana washe baki: "Ka gani? Ko gezau bai yi ba!"

Haka na yi shekara uku. Kullum da hantsi ina can, masu jakai da masu tallan fura suna tsayawa kallo. Wani dattijo ya tambaye ni ko shirin shiga soja nake, ya ce shi bai san a fagen daga shingaye ake jerawa ba. Kawu kan rufe shago da safiyar Juma'a ya zo ya zauna a kan shinge na biyar yana ƙirga mini taku da ƙarfi. Na daina buge su kam. Jiki ba wawa ba ne, bayan ya sha maɗaci sau goma sai ya koyi tashi sama da kusan taƙi guda. Ni kuwa ina ta murna, ban san abin da nake yi wa kaina ba.

Da aka gama yaƙi aka buɗe fili, aka sa ranar gasar zaɓe. Ina ɗaura takalmi na ji an ce a bayana, "Taku uku." Na waiga, malamina ne. Ya rame, kansa ya yi fari, cikin 'ya'yansa uku da ɗaya ya dawo. Na rungume shi ina kuka ban ji kunyar kowa ba.

Aka buga bindiga muka tashi. Taku ukuna na nan daram, amma a kowane shinge ina can sama, na kusa da ni suna shafa suna wucewa. Wanda ya zo na ɗaya shinge uku ya zubar, na biyu ya zubar da biyu. Ni na zo na uku, tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba. Shekarata ashirin da bakwai, kuma na san ta ƙare.

Malamina ya same ni na durƙusa. Ya ce, "Wa ya koya maka tsoron shinge? Kana can sama kana hira da shirwa." Na ba shi labarin maɗaci. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce tun da na iya tashi, gobe in zo ya gwada ni a tsallen sanda. Na yi shekara biyar ina wannan, na ci kofuna, amma Ikko dai ban je ba.

Muna cikin haka sai ga Kawu ya keto fili da babbar rigarsa ta Juma'a, fuska fal annuri. "Kai kaɗai! Kai kaɗai ne ba ka zubar da ko ɗaya ba! Waɗancan ɓarna kawai suka yi, da ni ne alƙali korar su zan yi."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na buɗe baki zan amayar masa da haushin shekara uku, sai malamina ya taka mini ƙafa. Ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Ban taɓa ganin wanda ya tsallake fes kamar shi ba."

Kawu ya kama kafaɗata da hannunsa mai kaushi, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce, "Duk tsawon yaƙin nan tsorona kada ka zauna ka lalace. To, ka ga amfanin katako mai kyau?"

Na ce, "Na gani, Kawu."

Har ya rasu yana gaya wa mutanen Ƙofar Mazugal cewa ni na ci tseren nan, kuma ban taɓa gyara masa ba.