Furen da Ya Sha Gyara

Tela mutum ne da bai taɓa ganin zare yana reto ya ƙyale shi ba. Ko a rigar baƙo ne, kuna cikin gaisawa hannunsa na laluben ɗan almakashin da ke aljihunsa. A shagonsa allura na da wurin kwana, alli ma haka. Mutane sun yarda da aikinsa, ba su dai cika son zama kusa da shi ba.

Abu ɗaya ya gagare shi gyarawa a gidansa, wata 'yar ciyawa da ke fitowa a tsagar siminti kusa da famfo. Da ruwan farko take tsirowa, ta yi furanni shuɗaye ƙanana kamar maɓallin rigar jariri, sannan ta bushe ta tsaya nan ba kyan gani. Matarsa ce ta hana a taɓa ta.

"Wannan ƙazantar fa?" yakan ce.

"Ƙazantata ce. Je ka gyara wandon mutane."

A shekarar da matar ta rasu, ciyawar ta fito kamar labari bai kai mata ba. Tela ya daɗe a tsaye a kanta, sannan ya ƙudura zai yi mata riƙon da ba ta taɓa samu ba. Ya sayo tukunya da ƙasa mai taki, ya ciro tsiron a hankali ya dasa. Tsagar kuwa ya kira magini ya toshe ta, da ma ta daɗe tana ci masa rai. Kullum kafin ya tafi shago sai ya duba. Duk furen da ya soma yaushi, ƙyat, ya datse shi.

Ciyawar kuma ta saka masa. Yana yanke ɗaya tana fitar da biyu, har maƙwabta ya riƙa kira su zo su gani. Da rani ya shigo ta bushe, ya tuge ta ya zuba a shara, ya goge bakin tukunyar, ya zauna jiran damina.

Ruwa ya sauka, ya sake sauka. Tukunya ta fitar da tsiron tumatir guda wanda ba a gayyata ba.

Wata rana ƙanwar matarsa ta leƙo gaishe shi, ta tarar da shi a tsugune yana tona ƙasar da yatsa.

"Yaya Tela, me ya faɗi? Allura?"

Ya zayyana mata duk hidimar da ya yi, har da takin.

"To ina irin?" ta ce.

"Wane iri?"

"'Ya'yan mana! In furen ya yi yaushi, a nan suke ƙulluwa, su bushe su zube. Uwar ba ta ganin wata shekara. Ka bari sun zube?"

Tela ya dafa aljihun da almakashin yake ciki.

"Kai jama'a! Ka yi mata kalmasa ke nan." Ta soma dariya, ta dubi fuskarsa, ta haɗiye.

"Ita yayarki me take yi mata?"

"Ba komai. Hana ka kawai take yi."

Ya tambaye ta sunan ciyawar. Ta ce ba ta sani ba, ta ɗauka shi da ya zauna da mai ita ya sani. Bai taɓa tambaya ba. Sunan da ya raɗa mata ya ishe shi a lokacin.

Tun daga nan, in damina ta yi, Tela kan rufe shago da wuri ya bi gefen lambatu da kangwaye, kansa a ƙasa. Yakan tare mutane ya kwatanta musu: shuɗi, ɗan ƙarami. Su nuna masa rawaya, su nuna masa fari. Wani mai faci ya ce ya san ta sarai, da cike take a filin da aka yi gidan mai.

Tela ya je ya duba. An malale wurin da siminti har bakin titi. Aiki ne mai kyau, shi kansa bai ga abin gyarawa ba.