Ɗamarar Zlata

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyenmu ya ci waken Velika. Ita ce mai dafa abincin makaranta tun kafin a kawo kwalta nan saman tsaunin Rodopi, mace mai faɗin kafaɗa da ɗan siririn ƙugu, ga saurin hannu ga saurin baki. Mutumiyar kirki ce ta gaske, muddin ba a ambaci ƙanwarta Dafina ba. Da an ambace ta sai ka ji ludayi ya fara dukan tukunya.

Ba wanda ya san ranar da kishin ya soma. Velika dai ta ce tun suna yara uwarsu Zlata ta fi daɗewa a kan gashin Dafina in tana taje musu kai. Da tsohuwar ta zo rasuwa, sai ta bar wa Velika gidan dutse da bishiyar gyaɗar turawa da ke ƙofarsa, ta bar wa Dafina wata tsohuwar tukunyar ƙasa da irin kindirmon da ke cikinta. Kowa a gari ya ce Velika ta caɓa, ita kaɗai ce ba ta ga haka ba.

"Gida ai na Baba ne," in ji ta. "Abin da yake na Mama, nata na kanta, wa ta ba?"

Irin nan kuwa ba abin rainawa ba ne. An ce kakarsu ce ta zo da shi ranar da aka kawo ta amarya daga bayan tsauni, kuma tun daga lokacin bai taɓa mutuwa ba. Kullum a ɗebi cokali ɗaya daga na jiya a zuba cikin madarar tumaki mai ɗumi, a lulluɓe da bargo, kafin safe ta yi barci. Velika kuwa, da yake ba ta iya roƙo ba, kindirmon kanti ta saya na cikin roba, ta yi iri da shi.

Abu ɗaya ne Zlata ba ta raba ba: ɗamararta ta saƙar ulu, mai maɓallai biyu na azurfa, kowane ya kai tafin hannu. Ta ce wadda ta fara aurar da ɗa ita za ta ɗaura ta ja layin rawa ranar bikin, in har ta rufu a ƙugunta. In ba ta rufu ba, 'yar'uwarta ta ɗaura ta ja. Da dariya tsohuwar ta faɗa, amma 'ya'ya mata ba sa ɗaukar maganar uwar da ta mutu da wasa. Velika ba ta damu ba a lokacin. Ɗanta Yasen ya girmi ɗan Dafina, ƙugunta kuma yana nan yadda yake tun tana budurwa.

Sai ciwon gaɓɓai ya yi wa Velika sallama. Yatsunta suka kumbura har riƙe wuƙa ya gagare ta, ta ajiye aiki. Likita a birnin Smolyan ya ɗora ta a kan wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, kotizon, ya ce kada ta kuskura ta tsallake. Hannu ya buɗe kuwa, ta koma murza ƙullun banitsa, gurasar garinmu mai cuku, kamar da. Amma ƙwayar ba ta zo ita kaɗai ba. Fuskar Velika ta cika ta zama faifai, wani tozo ya fito mata a bayan wuya, tumbi ya yi gaba, ƙafafu kuma suka tsotse. Ga wata yunwa mara kunya da ke tashinta daga tebur ta mayar da ita tebur. Mijinta Stamen, wanda bai taɓa sanin lokacin yin shiru ba, ya ce, "Ni ban yi asara ba, mace ɗaya na aura ga shi an ƙara mini rabi."

Ba ta yi dariya ba. Ta taga take hango Dafina tana hawo tudu da bokitin madara, siririya, kai ka ce 'yar sakandare ce. Mijin Dafina ya rasu, ɗanta ya tafi Sifen tsinkar lemo ya yi shiru, amma duk wannan Velika ba ta gani. Ƙugun kawai take gani, yana kuma ƙara sirancewa duk wata, kamar da gayya. Abin yana cin ranta har ta ji ɗaci a bakinta.

Da bazara Yasen ya zo da wata yarinya 'yar birnin Plovdiv, ya ce biki da kaka. Baƙi na fita Velika ta buɗe akwati ta ciro ɗamara. Ta ja numfashi, ta matse, ta ƙara matsewa har idonta ya yi ja. Tsakanin maɓalli da maɓalli saura faɗin hannu guda. Ta zauna a bakin gado tana hango yadda za a yi: bikin ɗanta, a ƙofar gidanta, Dafina a gaban layi da azurfar Mama tana walƙiya, ita kuwa a kan benci da tsofaffi tana tafi.

Ana cikin haka wani mai farar riga ya fito a talabijin yana bayani cewa akwai ƙananan halittu a cikin hanjin mutum, ido ba ya ganinsu, suna da hannu a yadda jiki ke tara kitse, kuma tsohon kindirmon ƙauye cike yake da masu amfani. Mutumin ya faɗi wasu abubuwa da yawa, har da cewa ba a gama bincike ba. Velika ba ta ji wannan ba. Ta buga cinya ta ce, "Ashe! Ashe abin da Mama ta ba ta ke nan!"

A garinmu ba a sayar da iri, ba a kuma hana wanda ya roƙa, in dai rana ba ta faɗi ba. Ko godiya ba a yi, don an ce godiya na kashe shi. Abin da ya rage wa Velika kawai ta taka zuwa ƙasan layi ta ce, "Dafina, ɗan ba ni iri." To, da ta faɗi wannan gara a zare mata haƙori. Ranar Lahadi da hantsi, da ta tabbatar ƙanwar ta tafi maƙabarta kai wa mijinta furanni, matar da ta ciyar da rabin garin nan ta zagaya ta bayan garken tumakin Dafina da cokali a aljihun atamfar girki, ta yi sata.

Kindirmon ya kama, ya yi kauri har cokali na tsayawa a ciki. Ta ɗanɗana sai ga hawaye. "Wannan shi ne ɗanɗanon gidanmu," ta ce. Stamen ya lasa ya ce shi dai bai ji bambanci da na jiya ba, ta ce dama harshensa taba ta gama da shi.

Ta sha da safe, ta sha da rana, ta daina burodi. Aka yanke ciyawa, aka haƙe dankali, ɗamara ba ta matso ko da yatsa ba. Biki ya ƙarato. Wata safiya ta dubi kwalbar ƙwayoyin nan da suka mayar da ita haka, ta buɗe murhu ta juye su duka cikin wuta.

Ba a yi mako ba jiri ya kayar da ita a tsakar ɗaki, ga amai, ga jiki ya saki kamar tsumma. Stamen ya ruga ya kira malamar jinya, ya kuma kira Dafina. Malamar ta yi mata allura tana faɗa, tana kiranta lelya, wato goggo. "Lelya Velika, kashe kanki za ki yi? Jikinki ya saba ana ba shi daga waje, ya daina yin nasa. Ba a yanke wannan magani rana ɗaya, a hankali likita ke janye shi!"

Da la'asar aka bar su su biyu. Dafina ta zauna a bakin gado tana kallon ɗamarar da ke rataye a kujera.

"Kako," ta ce, yadda take kiran yayarta tun suna yara, "saboda wannan tsumman?"

"Tsumma ne a wurinki, tunda ke komai an ba ki. Ɗauki abinki. Ki ja rawar, ki yi ta karairaya a bikin ɗana."

"Me aka ba ni?"

"Kin fi ni sani. Irin Mama! Kin zauna kina sha ke kaɗai kina tsukewa kamar zanzaro, ni ina kumbura. To na ɗiba, in ba ki sani ba. Na shiga na ɗiba, ban kuma gode ba."

"Na sani mana. Kin bar mini murfi a karkace, ga sawun takalminki har bakin garke." Dafina ta fara dariya, dariyar ta juye tari. "Wayyo kako. Irin Mama ai ya daɗe da mutuwa. Shekarar da tumakina suka yi ciwon nono, likitan dabbobi ya yi musu allura ya ce in zubar da madarar kwana biyu. Na ga asara ce, na zuba iri a ciki. Da safe na tarar da ruwa tsululu. Allurar ta kashe shi."

"To wanda ke tukunyar fa?"

"Naki ne. Kin ajiye a taga yana hucewa, na zo wucewa da cokali."

"Nawa? Na roba?"

"Na roba. Kunya ta hana ni roƙo. Kullum ina cewa ke komai naki albarka yake yi, ga miji, ga ɗa a kusa, ga jiki kin samu."

Velika ta ɗago kai daga matashi. Can ta ce, "To ramar fa? Uban me kike ci?"

Dafina ta juya wajen kujera. Ta tashi ta ɗauki ɗamarar, ta zagaya ta a ƙugu, ta haɗa maɓallan, ta saki hannu. Ɗamarar ta zame ta bi ta kwatangwalo ta faɗi ƙasa, azurfar ta yi ƙara a kan katako.

Gaskiya ita ce, abin da ya fara zuwa zuciyar Velika daɗi ne: ita ma ba ta yi mata ba! Daɗin bai kai ƙiftawar ido ba, don a karon farko cikin shekaru ta dubi ƙanwarta sama da ƙugu. Ta ga ramin wuya, ta ga idon da ya yi ruwan ɗorawa, ta ga zoben aure an naɗa masa zare don kada ya zame. Tsoro ya kama ta.

"Tun yaushe?"

"Tun bara abinci ba ya zama. Na ɗauka tunanin yaron nan ne. Da na je Plovdiv suka ce wani abu ne a ciki, ya riga ya yi nisa. Kada ki gaya wa Yasen sai an gama biki."

Dafina ce ta tafi da ɗamarar gida. Ta yanko wani yanki daga tsohuwar atamfar girkin Zlata, ta ƙara a baya inda ba a gani, ta dawo da ita ana jibi biki. Velika ta ce ɗinkin ya karkace.

Ranar biki mai busar salka, algaitar garinmu mai jakar fata, ya tsaya a gindin bishiya, Velika ta fito gaba da farin hankici a hannun dama, fuska kamar faifai, azurfa na walƙiya a tumbinta. Rawar riƙon ɗamara aka fara da ita, wadda kowa ke cusa hannu a ɗamarar na kusa da shi. Dafina ce ta biyu a layi, yatsunta a daidai ƙarin da ta ɗinka. Velika ta saba jin nauyin layi yana jan ta baya, ranar kuwa hannun da ke ƙugunta ba shi da nauyin komai. Sai ta rage taku, ta ƙara ragewa, har samari a wutsiyar layi suka fara gunaguni. Ta ji wata mata a benci tana cewa, "Dubi Dafina, ko tsufa ba ta yi, kamar ba ta taka ƙasa." Velika ta ji tsohon ɗacin ya taso mata har wuya, ta haɗiye shi, ta kai hannun hagu ta danne yatsun nan a kan ɗamara don kada su suɓuce.

Dafina ba ta ga narkewar ƙanƙara ba, cikin hunturu ta rasu. Tukunyar ƙasar tana gidan Velika yanzu, duk wanda ya zo roƙon iri kafin faɗuwar rana tana ba shi, ta ce masa na Zlata ne, kuma ba mai musa mata. Tana shan ƙwayoyinta a kan lokaci.

A gefen kabarin Zlata wurin mutum ɗaya ne ya rage kafin katanga, nan aka sa Dafina. Duk Lahadi Velika na hawa can da sandarta, ta share ganye, ta zuba ruwa. Stamen ya ce ya taɓa jin ta tana magana da ƙanwarta, tana kiranta da sunan yarinta, hannu a ƙugu.

"Kin kyauta, Dafinke. Nan ɗin ma ke kika samu kusa da Mama."