Ranar Kasuwa a Ajin Ingilishi

Shekarata ta biyu ina malamar kwantaragi a kwalejin Dakoro, aka ce mai binciken malamai zai zo daga Maradi ya ga yadda nake koyar da Ingilishi. In ya rubuta alheri in ci gaba da aiki, in ya rubuta akasin haka in tattara kayana. Bawan Allah bai tashi zuwa ba sai ranar kasuwa.

Na leƙa aji, mutum tara. Sauran suna can wajen awaki da ƙwaryar nono. Darakta ya ce in tura yara su bi su ɗaya-ɗaya. Na ce a raina, wannan bai taɓa kiwo ba. Ni a ruga na tashi, can wajen Korahane, kuma babana bai taɓa bin shanu da gudu ba. Tsohuwar saniyar da suke bi yake kira, sauran su biyo ta.

Na tafi kasuwa wajen wata doguwar ɗalibata mai sayar da fura, wadda ko dariya ajin ba ya yi sai ta fara.

"Ɗiyata, yau aikina na hannunki."

"Madan, mi ya faru?"

Na gaya mata. Ta bar wa innarta furar ta nufi makaranta, sauran suka biyo ta. Kafin baƙon ya gama shan ruwa, benci ya cika, wasu da igiyar akuya a aljihu.

Kalmar darasin ita ce congregate, wato taruwa wuri guda. Na ce musu asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin garke. Ashe su ma Turawa a wajen dabbobi suka samo ta. Sai na tambaya yadda ake tara garke.

Ajin da na shekara ina roƙo ya buɗe baki ya kaure da gardama. Wannan ya ce da kira, wancan ya ce da gishiri. Na ce duk mai magana sai ya sa kalmar a jimla. Suka yi ta kakkarya Ingilishi, ba mai jin kunya.

Baƙon ya ajiye biro yana saurare. Da zai tafi ya tambaye ni inda na koyi wannan dabara. A da ina ɓoye asalina a gaban 'yan boko. Ranar nan kuwa na ɗaga kai, da alfahari, na ce: "A ruga, wajen babana."

Har yau ina koyarwa a ajin.