Ihun 'Yata

Bayan an cire masara aka buɗe ajin, a wani ɗaki na makarantar firamare da ke bakin titi a Dayi. Wata tsohuwar ma'aikaciyar gidan yari ce ke zuwa daga Malumfashi duk Asabar da hantsi, tana koya wa mata yadda za su kare kansu. Ni ba don kaina na je ba. 'Yata ce ta shiga sakandare, kuma hanyarta ta ratsa ta cikin gonakin dawa, tafiyar kusan rabin awa ita kaɗai. Shi ya sa na tafi da ita ajin.

Malamar ta fara da wuyan hannu: in an damƙe ki, ki murɗa ta wajen babban yatsan mutum, ki fizge. Wannan ba mu sha wahalarsa ba, duk wadda ta saba da taɓarya ba ta rasa ƙarfin hannu. Inda muka kasa shi ne ihu. Ta ce kowa ta buɗe baki ta ce "Sake ni!" yadda za a ji a titi. Muka buɗe bakin, abin da ya fito bai fi gaisuwar suruki ba. Wata har da toshe baki da gefen hijabi.

Mace ɗaya ce ta iya, wata Bamaguja da ke tahowa a ƙafa daga ƙauyensu. Ita ta saba kiran mijinta daga wannan gona zuwa waccan. Da ta kwatsa nata, awakin da ke kwance a gindin taga suka watse, muka yi ta dariya.

'Yata ce ta fi kowa kasawa. Malamar ta tsaya a gabanta ta ce, "Ke yarinya, wa ya ƙwace miki murya?" Yarinyar ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Tun tana shekara biyar nake gaya mata muryar mace ba ta wuce zaure. Haka uwata ta yi mini, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba. Daga ranar malamar ta haɗa 'yata da Bamagujar, su koma bayan filin ƙwallo su yi ta yi. Ni kuwa ina aji ina murɗa hannu.

Wata Laraba bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, maƙwabciyata na taya ni hira, sai muka jiyo ihu daga bayan gari, na mace, har sau uku. Ban ko ajiye rariya ba na ce, "Wannan wace marar kunya ce? Ba ta da uwa ne?"

Ba a jima ba aka yi sallama. Wasu dattawa biyu ne da laujensu, da 'yata a tsakiya, hijabinta a yage, takalmi ƙafa ɗaya. Wani ne a kan babur ya tare ta, ya kama mata hannu. Ta fizge, ta yi ihu, masu yankan dawa suka fito, shi kuma ya tsere.

Ɗayansu ya ce, "Hajiya, ki gode wa Allah. Da ba mu ji ta ba, da ba mu san ana yi ba."

Na ɗebo mata ruwa, ta sha. Muryarta ta dushe, da ƙyar ta ce, "Umma, kin ji ni?"

Na ce na ji. Maƙwabciyata ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗen, ba ta dube ni ba. Har yau ba ta gaya wa kowa abin da na faɗa ba, kuma har yau kunyarta nake ji.